Jihohi 36 da lamba 666: ishara ce ko lissafi ne kawai?

Da gaske ne idan aka jera jihohin Najeriya daga 1 zuwa 36 aka tara lambobin za a samu 666? In kuwa da gaske ne, me hakan yake nufi? Tambayar da ɗan yayata ya zo mini da ita ke nan ranar wata Asabar a gidanmu da ke Gwammaja, ko takalmi bai gama cirewa ba. An turo saƙon ne a zauren danginmu na WhatsApp, da jan rubutu da gargaɗin cewa wai an gina ƙasar nan a kan lambar Dujal. Yaron yana aji biyu na babbar sakandare, kuma ba ya karɓar magana haka siddan, don haka sai da ya zauna ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya a wayarsa. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kawu, wallahi sau biyu na buga, 666 ɗin ne."

Bai yi kuskure ba, 666 ne. Sai dai wanda ya haɗa saƙon ya ga kan maciji ne ya ruga, bai tsaya ya ga ashe igiya ce ba. Lambar tana cikin wani dangi na lambobi da masana lissafi suka daɗe da sani, kuma danginta ya fi tsoron da ake bayarwa da ita daɗin labari.

Mece ce lambar alwatika?

Ka leƙa kowane kantin kayan masarufi a Sabon Gari ko kasuwar Singa, za ka ga yadda yaron kanti yake jera gwangwanin madara don jan ido: ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinsa, sai uku, sai huɗu. Abin ya tashi da kusurwa uku, wato alwatika, kamar fuskar dalar gyaɗa a tsofaffin hotunan Kano. In layi biyu ne, gwangwani 3 ya ci. In uku ne, 6. In huɗu ne, 10. Haka jerin yake tafiya: 1, 3, 6, 10, 15, 21, 28, 36, 45, 55. Waɗannan su ne lambobin alwatika, kowacce jimlar ƙirga ce daga 1 zuwa inda aka tsaya.

Ba sai an wahalar da yatsa kamar yadda ɗana ya yi ba. Ka ɗauki lambar ƙarshe, ka buga ta sau wadda ke bi mata, ka raba biyu. 36 sau 37 ya ba da 1,332, rabinsa 666. Dalilin a bayyane yake: ka haɗa ta farko da ta ƙarshe, 1 da 36, ka samu 37, ta biyu da ta kusa da ƙarshe, 2 da 35, 37 ne, haka har tsakiya. Tagwaye 18 ke nan, kowanne 37. Ana ba da labarin cewa Bajamushen nan Carl Friedrich Gauss, wanda aka haifa a 1777, da wannan dabarar ya tara 1 zuwa 100 yana ɗan firamare, ya ce 5,050 tun malaminsa bai koma kujera ba. Shi ne kuma ya rubuta a littafin ajiyarsa a 1796 cewa kowace lamba, komai girmanta, ana iya samar da ita daga tara lambobin alwatika da ba su wuce uku ba.

Ina hawa na biyu ya shigo?

A nan ne 666 ta bambanta da sauran. Ita alwatika ce ta 36. To amma 36 ɗin ma alwatika ce, domin 1 zuwa 8 in an tara 36 ne. Wato an yi aikin sau biyu: daga 8 aka hau zuwa 36, daga 36 aka hau zuwa 666. Irin wannan ita nake kira lambar alwatika mai hawa biyu, kamar yadda muke cewa bene mai hawa biyu. Na guji cewa "ninki biyu" da gangan, don kada a zaci ana nufin a buga lambar sau 2. Ba haka ba ne. Abin da ya fito daga tarawar farko shi ake mayarwa a sake tarawa.

Mu koma kanti. A ce yaron ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa kowane gwangwani lamba: na sama 1, layi na biyu 2 da 3, na uku 4, 5, 6, na huɗu 7 zuwa 10. Lambar da ke ƙarshen kowane layi alwatika ce. In kuwa ka tara duk lambobin da aka rubuta tun daga sama har ƙarshen wani layi, mai hawa biyu za ka samu. Layi biyu, 1 da 2 da 3, ya ba da 6. Layi uku 21. Layi huɗu 55. Jerin shi ne 1, 6, 21, 55, 120, 231, 406, 666, 1,035, 1,540. Wannan tsarin rubuta lambobi ana kiransa da sunan Robert Floyd, wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, kuma yana cikin atisayen farko da ake ba masu koyon rubuta wa kwamfuta umarni.

Abin lura shi ne saurin girman jerin. Ta goma 1,540 ce, ta ashirin 22,155. Ta ɗari, wato a tara 1 zuwa 5,050 ɗin Gauss, ta kai 12,753,775. Da zarar an yi nisa, in ka ruɓanya matsayin lambar, ita kanta kusan sau goma sha shida take ƙaruwa.

Akwai kuma hanyar gwaji. Ka buga lambar sau 8 ka ƙara 1. In abin da ya fito wata lamba ce sau kanta, to alwatika ce. 666 sau 8 da ƙarin 1 ya zama 5,329, wato 73 sau 73. Cire 1 daga 73 ka raba biyu, ga 36. Maimaita da 36: 289, wato 17 sau 17, ya kai ka ga 8. Na sa yaron ya gwada da ƙananan hukumomin Kano 44. Jimlarsu 990, ta ci gwajin farko tunda tarawa ce. Amma 44 sau 8 da ƙarin 1 ya ba da 353, ita kuwa ta faɗa tsakanin 324 da 361. Ashe na Kano ginin ƙasa ne, ba bene ba.

Adikon tela da launi uku

Da a ce wasan tarawa ne kawai, da ban ɓata tawada a kansa ba. Abin da ya sa masana suka kula da waɗannan lambobi shi ne suna ɓullowa da kansu a wurin da ba wanda ya gayyace su.

Akwai wani tela a Fagge da nake kai wa ɗinki, wanda a gefe yake yin adiko mai kusurwa huɗu daidai wa daida, yana ɗaura tuntun zare a kowace kusurwa. Zarensa launi uku ne: ja, kore, shuɗi. Ranar nan ina jiran ya ƙarasa mini wuyan riga na ce, "Malam, da zaren nan naka, adiko iri nawa za ka iya fitarwa ba tare da biyu sun zama ɗaya ba?" Ya cire allura daga baki ya ce, "Ai Alhaji, ba su ƙirguwa." Suna ƙirguwa.

Lissafin gaggawa zai ce kowace kusurwa tana da zaɓi uku, saboda haka 3 sau 3 sau 3 sau 3, 81. Amma adiko ba a kafe yake a bango ba. Wanda tuntunsa ja yake sama ta dama, in ka juya shi ya koma ƙasa ta hagu, adikon dai shi ne. In ka kife shi ma shi ne, tunda yadin ba shi da ciki da baya. Da yawa daga cikin 81 ɗin nan mutum ɗaya ne ya sauya zama.

Ga yadda ake kamo bakin zaren. Kada ka dubi kusurwoyin ɗai-ɗai, dube su bibbiyu: kowace kusurwa da wadda ke fuskantarta ta karkace. Duk juyin da za ka yi wa adikon, waɗannan biyun ba sa rabuwa, suna nan suna kallon juna. To launin irin wannan tagwaye iri nawa ne? Ja da ja, ja da kore, ja da shuɗi. Kore da kore, kore da shuɗi. Shuɗi da shuɗi. Uku da biyu da ɗaya, 6 ke nan. Hawa na farko. Adikon kuwa tagwaye biyu gare shi, kuma ba ruwanmu da wanne ne na farko. Sai mu sake wannan lissafin da abubuwa shida: na farko zai iya zama da kansa ko da sauran biyar, hanya 6, na biyu saura 5, sai 4, 3, 2, 1. Jimla 21. Hawa na biyu.

Adiko 21 ke nan, ba 81 ba. Da launi biyu gare shi, 6 ne. In ya ƙaro rawaya suka zama huɗu, 55. In ya je Kantin Kwari ya cika launi takwas, 666 cif, kuma ba na jin akwai mai cewa Dujal ya shiga shagon tela.

Telan bai bar ni na tafi da nasara haka ba. Ya ce, "To in yadin mai fuska ɗaya ne fa, wanda ba a kifewa?" Tambaya ce ta mai sana'a, kuma ta canza amsar. In juyawa kawai aka yarda, ban da kifewa, launi uku 24 yake bayarwa. Ƙarin ukun daga ina? Daga adikon da ke da tuntu biyu masu launi ɗaya a maƙwabtaka, sauran biyun kuma kowanne da nasa. Ja, ja, kore, shuɗi in ka bi ta dama, daban yake da ja, ja, shuɗi, kore, kamar yadda takalmin dama ya bambanta da na hagu. Kifewa ce kawai take mayar da su ɗaya. Wannan shi ne ainihin ma'anar lambar: ƙirgar tagwayen tagwaye, inda ba a damu da wa ya riga wa ba, kuma an yarda abu ya haɗu da irinsa. In aka hana abu haɗuwa da irinsa, wani jerin ne daban yake fitowa: 3, 15, 45, 105. Kulob huɗu in kowa zai kara da kowa wasa 6 ne, zaɓen wasa biyu mabambanta daga ciki kuma hanya 15.

Daga ina tsoron 666 ya samo asali?

Ba daga lissafi ba. Lambar ta zo ne a littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, Wahayin Yahaya, sura ta 13 aya ta 18, a matsayin lambar wata dabba. Yawancin manazartan littafin suna ganin hisabin haruffa ne, irin wanda malamanmu suka sani, inda kowane harafi yake da ƙimarsa: in aka rubuta sunan Nero Kaisar, sarkin Rum da ya gallaza wa Kiristocin farko, da haruffan Ibrananci, 666 yake tashi. Wasu tsofaffin kwafe-kwafen littafin ma 616 suka rubuta, ita kuwa 616 ko alwatika ba ce ba, ta faɗa tsakanin 595 da 630. Haɗa lambar da Dujal da ake yi a saƙonnin WhatsApp aro ne daga can, an yi masa rawani an shigo da shi.

Tana kuma fitowa a wasu wurare, duk saboda dalili guda, wato 36. Faifan cacar da ake juyawa a gidajen caca na Turai lambobinsa daga sifili zuwa 36 ne, jimlarsu 666. Hatimi mai gida shida-shida, wanda ake zuba wa 1 zuwa 36, kowane layinsa 111 ne, layi shida 666. Wannan fanni kuwa ba baƙonmu ba ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, Bafulatanin malamin da ya tashi daga Katsina ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin uku-uku da kowa ya sani, mai layi 15, jimlarsa 45 ce, alwatika mai hawa ɗaya. Na shida-shida ya samu hawa biyu ne don 36 tana da wata baiwa da ba kasafai ake samu ba: alwatika ce, kuma 6 sau 6 ce. Kafin a sake samun irinta sai an kai 1,225, wato 35 sau 35, hatimin da jimlarsa 750,925.

Masu ganin ishara da masu ganin ɓata lokaci

Masu ganin ishara hujjarsu ita ce abin ya yi daidai da yawa a ce dace ne. Amsarsu tana cikin tarihin jihohin kansu. Gowon ya yi 12 a 1967, shekarar da aka kafa jihar Kano, jimlarsu 78. Murtala ya mayar da su 19 a 1976, 190. Babangida ya kai su 21 a 1987, sannan 30 a 1991 lokacin da aka cire Jigawa daga Kano. Jimlarsu 231 da 465 ke nan. Abacha ne ya cike 36 a 1996. Ka lura da 231 ɗin nan: ita ma mai hawa biyu ce, tunda 21 alwatika ce ta 6. Shekara huɗu ƙasar ta yi a kan lamba irin wannan ba wanda ya ce uffan, don ba ta da suna mai ban tsoro. In kuma aka sa Abuja a ƙirgar yau, 37 ne, jimla 703. Mai saƙon ya bar Abuja a waje ne don lissafinsa ya zauna. Sannan jera jihohi a ba su lamba a tara ba ya auna komai. Ba yawan jama'a ba ne, ba faɗin ƙasa ba, ba kasafi ba.

Ɗaya ɓangaren su ne masu cewa, to an ji, amma wannan wane tuwo zai ba mutum? Ina ganin suna da rabin gaskiya. Ba wanda zai ci jarrabawar WAEC ko ya samu aiki don ya haddace 1, 6, 21, 55, kuma ko a wurin masana, jerin ba ya cikin manyan ginshiƙai. Amma hanyar da aka bi aka samu 21 daga 81, wato gane abubuwan da suke ɗaya ne duk da sun sauya fuska, ita masana sinadarai suke bi wajen ƙirga siffofin da ƙwayoyin sinadari za su iya ɗauka, kuma ita ce ke hana kwamfuta maimaita aiki ɗaya sau takwas.

Akwai kuma masu son abin don kyansa kawai, kuma ina cikinsu. Ga misali ɗaya. Ana kiran lamba cikakkiya in lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, suka taru suka ba da ita: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 ita ce 1, 2, 4, 7, 14. Sai 496, sai 8,128. Duk cikakkiyar lambar da ke rabuwa biyu alwatika ce, kuma matsayinta a jeri kullum lamba ce da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta: 6 ta uku ce, 28 ta bakwai, 496 ta talatin da ɗaya. Don ta zama mai hawa biyu, dole matsayin nan ya zama alwatika. Alwatikar da ba ta rabuwa kuwa guda ɗaya ce tak a duniya, 3, domin duk sauran an same su ne daga buga lamba biyu. Saboda haka a cikin waɗannan cikakkun lambobi, 6 kaɗai ce mai hawa biyu, kuma ba a buƙatar kwamfuta kafin a tabbatar.

Abin da ya shafi aljihu

Hawa na farko ya fi taɓa talaka kai tsaye. Akwai salon asusu da matasa ke yi: yau naira 100, gobe 200, jibi 300. Da daɗin farawa. A kwana 30 an tara 46,500, a kwana 36 an tara 66,600, amma zubin kwana goman ƙarshe na watan kaɗai 25,500 ne, ya fi na kwana ashirin na farko da ke 21,000. Wanda bai yi wannan lissafin ba a mako na uku yake fasa asusun. Haka bashin da aka ce tararsa tana ƙaruwa da ɗan abu kaɗan kowace rana.

Sai caca. Ƙwayoyi biyu masu ɗigo da ake kaɗawa a wasan lido iri 21 suke iya faɗuwa, lissafin tagwayen nan ne dai. Tarkon shi ne a zaci 21 ɗin ƙarfinsu ɗaya. Shida da biyar tana zuwa ta hanya biyu cikin 36, shida da shida ta hanya ɗaya kawai. A cacar nan da ake zaro lamba 5 daga cikin 90, tagwayen da mutum zai iya zaɓa 4,005 ne, alwatika ta 89, waɗanda ke cikin biyar ɗin da aka zaro kuma 10. Damar mai "lamba biyu tabbas" ke nan: kusan ɗaya cikin 400. Ko ba a zo maganar haramci ba, wanda Hisbah ke rufe shaguna a kansa a garin nan, lissafin kaɗai ya isa ya nuna wa ke cin kuɗin wa.

In aka ƙara jihohi fa?

Ɗan yayata ne ya kawo wannan da kansa, bayan ya sha ruwa hankalinsa ya kwanta. A farkon 2025 Majalisar Wakilai ta sanar da cewa ta karɓi buƙatun ƙirƙirar sababbin jihohi 31, har da jihar Tiga da aka daɗe ana nema daga Kano. In Tiga kaɗai aka bayar, 666 ta tafi, an koma 703. Kafin a sake dacewa da mai hawa biyu sai jihohi sun kai 45, jimla 1,035. In duka 31 aka amince, 67 ke nan, jimla 2,278, hawa ɗaya. Ya ɗan yi shiru yana danne-danne, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, in suka hana guda ɗaya suka ba da talatin, 66 ne fa, kuma 66 alwatika ce ta 11." Na ce ya buga. Ya buga 66 sau 67 ya raba biyu, ya samu 2,211, ya tura a zauren dangi a ƙarƙashin jan saƙon. Har dare ba wanda ya tanka sai gwaggonsa, ita ma tambaya ta yi ko kuɗin wani abu ne.